Ƙuri'u 3,235 da mutanen da ba a ƙirga ba

A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, Atiku Abubakar na PDP ya samu ƙuri'u 288,679 a Jihar Sakkwato, Bola Tinubu na APC kuma 285,444. Tazarar 3,235 ce kacal. 'Yan siyasa sun yi ta cacar baki a kanta, amma ba a nan labarin yake ba.

A 2015 Buhari shi kaɗai ya kwashi 671,926 a jihar. A 2019 shi da Atiku sun haɗa sama da dubu 850. Sai ga manyan jam'iyyun biyu a 2023 sun gaza kai dubu 580. Ina sauran jama'a suka shiga?

Wani ɓangare na amsar yana gabashin jihar, a Sabon Birni da Isa. A Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni. A Disambar 2021 suka ƙona matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. Ƙauyuka sun watse, dubbai sun ƙetara iyaka zuwa Gidan Rumji a jihar Maraɗi ta Nijar. Bagobirin da ke biya wa yaran jagoran 'yan bindiga Bello Turji haraji kafin ya girbe geronsa, wanda rumfar zaɓensa ta zama kufai, da wace ƙafa zai bi layi? Ga kuma ƙarancin takardun naira da ya hana talaka kuɗin mota a lokacin zaɓen.

Sai dai rashin tsaro kaɗai bai isa hujja ba. Mako uku bayan zaɓen shugaban ƙasa, a zaɓen gwamna, Ahmed Aliyu da Sa'idu Umar sun haɗa sama da dubu 850. Wato jama'a sun fito inda suke ganin za a ji kukansu, suka ja baya inda suka yanke ƙauna. Wannan tuhuma ce ga Abuja, mai riƙe da soja da 'yan sanda.

Don haka jimillar jiha ba ta wadatar ba. Ya kamata hukumar zaɓe ta INEC ta riƙa bayyana, mazaɓa bayan mazaɓa, rumfunan da ba a buɗe ba da waɗanda aka soke, ta kuma tanadar wa 'yan gudun hijirar Isa da Sabon Birni wurin kaɗa ƙuri'a tun kafin zaɓen 2027.