Asibiti ya sha fenti, wa zai riƙe littafin sito?

Kwanakin baya na rako gwaggona daga Bungudu zuwa wani asibitin kuɗi a nan Gusau. Ciwon suga ya daɗe yana cin ta, ga ƙafa ta kumbura. Da hantsi muka isa. Likitan da muka zo dominsa yana nan, na gan shi da idona, amma sai da aka kira azahar kafin ya taɓa ƙafar, kuma ba don layi ya yi tsawo ba. Da fari an nemi fayil ɗinta a ɗakin kati an rasa, aka ce mu yanki sabon kati. Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Aka tashi tayar da janareta, ashe babu mai, kuma duk asibitin babu mai ikon fitar da kuɗin mai sai likita. Ya fito da abin awon ƙirji rataye a wuya, ya tsaya a baranda yana ƙirga wa yaro kuɗi. Bai kai ga komawa ba wani dillalin magani ya tare shi da takardar bashi. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, wannan likita ne ko mai shago?"

Duka biyun ne, Gwaggo. Sai dai ɗaya kawai ya shiga aji ya koya.

Likita a ƙasar nan yana yin shekara 6 a jami'a, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, ya yi bautar ƙasa. In zai zama ƙwararre sai ya ƙara wasu shekaru biyar ko shida. Duk tsawon wannan karatu, abin da ake gutsura masa game da tafiyar da ma'aikata, a darasin lafiyar al'umma, bai taka kara ya karya ba. Ba a koya masa yadda ake ƙiyasta maganin da za a sha a wata uku, ko yadda ake tsara wa nas goma aikin dare da rana ba tare da an yi rigima ba, ko yadda ake gane cewa kuɗin da ya shigo ɗakin kati bai yi daidai da rasit ɗin da aka yanka ba. Ranar da ya buɗe asibitinsa, ko aka naɗa shi shugaban asibitin gwamnati, duk waɗannan za su zubo masa a ka lokaci ɗaya, ga marasa lafiya suna jira. Taura biyu ba ta taunuwa.

Abin ya fi fitowa fili a asibitocin kuɗi. Na sha ganin likitoci biyu ko uku, abokai tun daga makaranta, sun haɗa jari sun kama haya a Tudun Wada ko Samaru: wannan ya iya tiyata, wancan na mata ne, na ukun na yara. Tsari ne mai kyau, domin kowa zai samu hutu, injin hoto ɗaya da ɗakin gwaji ɗaya sun ishe su duka. Amma kafin a je ko'ina sai ka ji an raba gari. In ka bi diddigi ba za ka tarar sun saɓa a kan yadda ake yi wa mara lafiya magani ba. Kuɗi ne. Ba a rubuta yadda za a raba riba ba, wanda ya yi tiyata uku cikin dare yana ganin an kwashi guminsa, kuma wanda ke riƙe da akwatin kuɗi ƙanen ɗaya daga cikinsu ne, an ɗora shi a kai don kawai ya gama sakandare yana zaman banza. Ba a iya tuhumarsa, tuhumarsa taɓa zumunci ce. Shi ya sa kowa ke gwammace ya buɗe nasa shi kaɗai, ɗaki huɗu da gado shida, kuma ranar da mai shi ya rasu ko ya samu aiki a Saudiyya, asibitin ya bi shi.

Waɗanda suka riga mu a wannan harka sun yi tuntuɓe da wannan dutsen, suka ɗauke shi daga hanya. Asibitin Mayo na Amurka, wanda manyanmu ke alfaharin an kai su can, asalinsa wani likita ne da 'ya'yansa biyu likitoci a wani ƙaramin gari mai suna Rochester, suka riƙa jawo wasu likitoci cikin haɗakarsu. Da aiki ya yi yawa, a 1908 sai suka ɗauko wani matashin ma'aikacin banki, Harry Harwick, suka danƙa masa sha'anin kuɗi da gudanarwa. Bai taɓa riƙe wuƙar tiyata ba, amma ya shafe sama da shekara 40 yana riƙe da gidan, su kuma likitoci suka fuskanci abin da suka iya. A 1926 masu irin aikinsa a asibitocin haɗakar likitoci suka kafa ƙungiyarsu, wadda har yau tana nan tana horar da 'ya'yanta tana yi musu jarrabawa. A 1934 Jami'ar Chicago ta buɗe karatun babban digiri kan tafiyar da asibiti. Wato sama da shekara 90 ke nan da wasu suka yarda cewa wannan sana'a ce da ake zama a koya, kamar ɗinki ko aikin akanta. Mu har yanzu muna ɗaukarta abin da ke zuwa da kansa idan mutum ya daɗe a aiki.

A ɓangaren gwamnati ma zancen bai sauya zane ba. A watan Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya, kuma daga nan an gyara asibitin ƙwararru na Yariman Bakura da wasu manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Wanda ya san yadda suke a da ba zai ƙi yabawa ba. To amma gini ba ya kula da kansa. Injin da aka kawo da miliyoyin naira yana buƙatar wanda zai san ranar da za a yi masa sabis, ya ware kuɗin tun kafin ranar ta zo. Wa ya kamata ya lura batiran sola sun fara rauni kafin su mutu cikin dare ana tsakiyar karɓar haihuwa? Wane gwamna ne bai gina ko ya gyara asibiti ba tun da aka yanke jihar nan daga Sakkwato a 1996? Me ya sa kowane sabon gwamna ke tarar da su sun koma kufai?

Ku sauka ƙasa, ku je ƙaramin asibitin da ke Kwatarkwashi ko Nahuce ko 'Yandoto, ku gana da wanda jama'a ke kira incaji. Yawanci ma'aikacin lafiyar al'umma ne, da yawansu a kwalejin lafiya ta Tsafe suka yi karatu. An koya masa allura da awon ciki da gane zazzaɓin da ya fi ƙarfinsa. Amma dubi abin da doka ta ɗora masa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da niyyar kowace mazaɓa ta samu asibiti guda mai aiki. Zamfara tana da mazaɓu 147. Wani kaso na kuɗin kai tsaye yake shiga asusun bankin asibitin, kuma sai incaji ya rubuta tsarin yadda zai kashe su duk wata uku, ya sa hannu tare da shugaban kwamitin raya mazaɓa, ya adana rasit, ya yi bayanin kowace naira kafin a sake sako wasu. Wannan aikin manaja ne tsantsa. Idan ya kasa, sai a ce ya ci kuɗi. Akwai masu ci, ba na musu, amma na tabbata akwai da yawa da ba su ci ko sisi ba, lissafin ne kawai ya sha musu kai.

Haka asusun jujjuya magani, wanda ya samo asali daga taron Bamako na 1987: a ba asibiti jarin magani, ya sayar da 'yar riba kaɗan, ya sake sayowa. A takarda babu abin da ya kai shi sauƙi. A aikace, yau an ba mai unguwa bashi, gobe an ranci kuɗin an sayi mai, jibi kwali guda ya lalace a sito saboda an tura shi can ƙurya ana ta ɗibar sabo. Ba a rufa shekara jarin ya narke, sai a koma rubuta wa mutane takarda su je kemis. Ga kuma inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta mayar da ita wajibi a kan kowa, jiharmu ma tana da hukumarta, ZAMCHEMA. Inshora ba ta biyan asibiti don ya yi aiki, tana biyansa ne don ya rubuta aikin daidai ya kai a kan kari. Asibitin da bai da wanda ya iya wannan zai yi ta aiki kyauta, daga baya ya fara ɗaure wa masu katin inshora fuska.

Na san inda wasu za su ja zancen. A asibitocin tarayya akwai tsohuwar gaba tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya a kan wa ya cancanci shugabanci, tun daga dokar soja ta 1985 da ta keɓe wa likitoci kujerar shugabancin asibitocin koyarwa, kuma an sha tafiya yajin aiki da wannan batu a cikin ƙorafe-ƙorafe. Ba wannan nake tonowa ba. Likita ya zauna a kujerarsa. Abin da nake cewa, ko dai a koya masa aikin kujerar kafin ya hau, ko a ajiye masa wanda ya koya a gefensa, da iko na gaske, ba sakataren da aikinsa buga takardar hutu ba. Kuma ban ce manaja maganin kowace cuta ba ne. Ingila ta cika asibitocinta da manajoji bayan rahoton Roy Griffiths na 1983, mutumin da daga kamfanin kantuna aka ɗauko shi, kuma har gobe likitocinsu suna kukan takardu sun yi musu yawa. Su sun ƙoshi ne har ciki ya ɓaci. Mu ko loma ba mu kai ba.

Wani kuma zai ce jihar da ke fama da 'yan bindiga, likitoci suna ta ficewa, ina ta ga ta kwas ɗin manajoji? Ni a ganina ƙarancin likitocin ne ma hujja. Inda likita ya yi ƙaranci, kowace awa tasa tsada gare ta, bai kamata a ƙarar da ita a cinikin man janareta ba. Mun ga misali a gabanmu. Lokacin da gubar dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, ƙungiyar likitocin agajin nan ta MSF ba likitoci zalla ta turo ba. Ta zo da masu kula da sito, da mota, da ruwa, da wuta, da albashi, kowa ƙwararre a nasa, shi ya sa likitansu ba ya barin bakin gado don neman makullin sito. A ƙauyukanmu suka yi wannan, da yaranmu a matsayin ma'aikata.

Kada kuma a ce mini ai ana yin bita. Na san bitar: kwana uku a otal, jaka da biro, shinkafa da kaza, a sa hannu a karɓi alawus. Wanda aka tura ma sau da yawa ba shi ke yin aikin ba, shi ne dai ke da uwa a gindin murhu.

Abin da ake buƙata karatu ne mai jarrabawa da takardar shaida, kuma duk kayan haɗinsa muna da su. Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Tsafe ta san ma'aikatan lafiya ciki da bai. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da aka kafa a 2013, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda suna da malaman akanta da na gudanar da kasuwanci. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da asibitin Yariman Bakura sun isa wurin gwada aiki. Akwai ma cibiyar masu gudanar da asibitoci ta ƙasa da za a iya jawowa ta duba manhaja. A haɗa su su fitar da kwas na wata tara ko shekara guda, Asabar da Lahadi, a yi shi a Gusau don a rage wa mutane bin hanya a wannan yanayi. Kada a cika shi da dogon Turanci. A koyar da littafin sito da na kuɗi, sayen kaya, cike takardun inshora, jadawalin ma'aikata, ajiye fayil a kwamfuta da a kabad, dokokin rajistar asibiti, da yadda likitoci masu haɗa jari za su rubuta yarjejeniyar da za ta fi ƙarfin fushin kwana ɗaya. Har da yadda ake magana da dangin mara lafiya a ƙofa, domin rabin baƙin jinin asibitocinmu daga bakin mai gadi da mai yankan kati yake farawa. Jarrabawar ƙarshe kuwa ta zama gyara wata matsala guda a asibitin da ɗalibi yake aiki, a je a gani da ido.

Amma takardar ba za ta yi daraja ba sai an ɗaura mata wani abu. Muddin mutum zai iya zama incaji ko sakataren asibiti ba tare da ita ba, babu wanda zai kashe Asabar ɗinsa a aji. Don haka roƙona ga Kwamishinan Lafiya da Hukumar Kula da Asibitoci ta Jiha: ku ba da wa'adin shekara uku, bayansa kada a naɗa kowa shugaban asibiti, babba ko ƙarami, sai da wannan shaida, kada kuma a sabunta wa asibitin kuɗi mai gadon kwanciya lasisi sai ya nuna mutum ɗaya da ya mallake ta. Gwamnati ta biya wa rukunin farko, ta fara da incajin mazaɓu 147 ɗin nan.