Matattun Borno Ba Sa Yawo Da Dare

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a Maiduguri, ana yin ta a majalisa, a cikin Keke Napep, har a wajen zaman makoki: wai duk inda aka zubar da jini da yawa, wurin ya koma hannun mutanen ɓoye. A Mairi, unguwar da ke jingine da Jami'ar Maiduguri kuma ba ta da nisa da Barikin Giwa, ba a rasa mai cewa ya ji kuka ko takun sawu a tsakar dare. Da zarar labarin ya bazu sai ga wanda ya ce shi yana ganinsu, yana jin abin da suke faɗa, in an kawo kuɗin turare zai isar da saƙo. Wannan ƙarya ce, kuma ƙaryar da ake tatsar marayu da zawarawa da ita.

Ba na musun aljanu, Alƙur'ani ya ba su sura guda. Amma aljani halitta ce dabam, ba kurwar Modu ko Falmata ba ce da ta ƙi kwanciya. Wanda ya mutu yana barzahu har ranar tashi, kowane yaron Islamiyya ya san haka. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne mutumin da zai ji wannan karatu a masallaci bayan Magariba, ya gyaɗa kai, bayan Isha kuma ya nufi ɗakin mai duba domin a haɗa shi da ƙaninsa da ya rasu.

To me mutane ke ji cikin daren? Ni na yarda suna ji. A tuna abin da kunnuwan wannan ɓangare na gari suka sha. Ranar 14 ga Maris 2014 'yan Boko Haram suka afka wa Barikin Giwa da safe, harsasai suna faɗawa har cikin jami'a. Ranar 30 ga Janairu 2016 aka ƙone Dalori, a kan hanyar Bama, mutane aƙalla 86 suka mutu, da yara a cikinsu. Ranar 16 ga Janairu 2017 bam ya tashi a masallacin jami'a lokacin sallar Asuba, Farfesa Aliyu Mani yana cikin waɗanda suka rasu. Yarinyar da take shekara bakwai a wancan lokaci yau budurwa ce, wataƙila ma da goyo. In taya ta fashe a titi ta zabura, in ta kwanta ta ga gawa a mafarki, in ta farka tana gumi tana kiran sunan wanda ya mutu, ai ba sai an nemo wani aljani an ɗora masa laifi ba. Abin da ta gani da idonta ya ishe ta. Likitoci sun san wannan ciwo na firgici, suna da maganinsa, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan a hanyar Baga. A yi mata addu'a, a tofa mata ayoyi, wannan duk alheri ne. Amma rufe ta a ɗaki da hayaƙi, ana tsula mata bulala wai ana korar "mai kanta", ƙara mata wani tashin hankali ne a kan na farko. Iyalai da yawa sun gwammace a ce 'yarsu tana da iska da a ce an gan ta a asibitin mahaukata, kuma wannan kunya ce ke cika aljihun bokaye.

Babbar kasuwar mai duba ma ba masu mafarki ba ne. Uwaye ne da matan aure da ba su san ko nasu yana raye ba. Ƙungiyar Red Cross ta duniya tana riƙe da sunayen mutane sama da 20,000 da suka ɓace a Najeriya, galibinsu daga arewa maso gabas, kuma fiye da rabinsu yara ne a lokacin da suka ɓace. Wasu 'yan bindiga ne suka tafi da su daji. Wasu an kwashe su a kamen jami'an tsaro. Amnesty ta ce a 2015 sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun sojoji, sojoji kuma sun musanta. Ko wane ne ya ɗauke mijin, matar da aka bari ba ta yi takaba ba, ba ta da damar sake aure cikin natsuwa, ba a raba gado ba, 'ya'ya suna tambaya. Ta je ofis an ce ta dawo. Sai ga mutum ɗaya a duk garin da ya ba ta amsa: ya buga ƙasa ya ce mijinki yana raye, yana gabas, a kawo baƙin zakara. Ba zan zargi wannan baiwar Allah ba. Zargina yana kan wanda ya karɓi kuɗinta, da kuma hukumomin da shirunsu ya tura ta wurinsa.

Turawa ma sun bi ta nan. Bayan yaƙin duniya na farko, masu da'awar magana da matattu sun ci kasuwa a Ingila, domin dubban iyaye ba su ga gawar 'ya'yansu ba. A Amurka har yau ana karɓar kuɗin 'yan yawon buɗe ido a zagaya da su filin yaƙin Gettysburg na 1863 da dare, neman fatalwa. Amma abin da ya ba iyalan sojojin yaƙin duniya na farko wurin tsayawa su yi kuka shi ne ƙofar Menin da aka buɗe a Beljiyam a 1927, inda aka sassaƙa sunayen sojoji sama da 54,000 da ba a san kabarinsu ba. A Bosniya kuma, daga cikin mutane wajen 8,000 da aka kashe a Srebrenica a 1995, an gano kusan 7,000 ta hanyar gwajin ƙwayoyin halitta, aka miƙa wa dangi ƙasusuwansu, aka yi musu sallah aka binne. Musulmi ne kamar mu.

Borno ta taɓa yin wannan asara. Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, ya kafa mulkinsa a Dikwa, Faransawa suka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. Sunan kwamandan Faransa da ya mutu a wannan rana, Lamy, shi aka laƙaba wa birnin da ya zama Njamena. Talakawan da aka karkashe tsakanin Kukawa da Dikwa fa, wa zai iya kawo sunan goma daga cikinsu? Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin Boko Haram ya ci rayuka kusan 350,000, akasarinsu ta yunwa da cuta. In muka bar su a bakin masu labarin fatalwa, jikokinmu ba za su gaji komai ba sai tsoron wasu kangwaye.

Aikin ba gagarabadau ba ne. Kowane bulama ya san gidajen da aka rasa mutum a unguwarsa, kuma jami'a mai sashen tarihi tana bayan katangar Mairi. A bi gida gida a rubuta suna, da ranar, da wurin da aka yi masa ganin ƙarshe. Matan ƙungiyar Jire Dole, da Hajiya Hamsatu Allamin ta tattaro, sun daɗe suna wannan aiki da ƙaramin ƙarfinsu, kuma gwamnatin jiha ta fi su hali. Hukumomin tsaro su buɗe rajistar waɗanda suka tsare, su faɗa wa iyalai wanda ke raye da wanda ya mutu da inda aka binne shi. Alƙalai kuma su sauƙaƙa wa matan waɗanda suka ɓace hanyar da fiƙihun Malikiyya ya riga ya tanada: a bincika, a yanka wa'adi, ta yi idda, a raba wa marayu gadonsu.