RA'AYINMU: Rigimar Coci-Coci Kan 'Yan Luwaɗi, Ina Ruwan Mazaunin Sabo?

Masu iya magana na cewa faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi. Haka da yawa daga cikinmu suka ɗauki saɓanin da ya daɗe yana raba kan Kiristocin duniya game da ko coci za ta karɓi 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, ta sa wa aurensu albarka, ko ma ta ba su limanci. A teburin mai shayi da rumfunan kasuwa akan tayar da zancen, a yi dariya, a watse. Mu kuwa muna ganin wanda yake zaune a Sabon Ibadan, ko Agege, ko Ama Hausa ta Owerri, maƙwabcinsa Kirista, mai gidan hayarsa Kirista, bai kamata ya tsaya ga kallo kawai ba, ya kamata ya san inda maganar ta samo asali da kuma inda za ta iya taɓa shi.

A Ɗarikar Angilika abin ya fi fitowa fili. A shekarar 1998, babban taron bishop-bishop na Lambeth da aka yi a Ingila ya zartar da ƙuduri da ƙuri'a 526, masu adawa 70, cewa luwaɗi bai dace da koyarwar Littafi Mai Tsarki ba. Sai dai wannan ƙudurin ya kuma umarci limamai da su saurari irin waɗannan mutane, su yi musu hidima, ya kuma yi tir da tsana da tsangwama. A 2003 sai reshen ɗarikar na Amurka ya naɗa Gene Robinson, wanda yake zaune da namiji ɗan'uwansa a fili, bishop na New Hampshire. Shugaban cocin Angilika na Nijeriya a lokacin, Akbishop Peter Akinola, ya zama jagoran masu adawa. A 2005 cocin Nijeriya ta cire batun alaƙa da kujerar Kantabare daga tsarin mulkinta, a 2008 kuma bishop-bishop ɗinta suka ƙaurace wa taron Lambeth, suka tafi Birnin Ƙudus aka kafa ƙungiyar GAFCON. Sun sake ƙaurace wa taron 2022, tare da na Yuganda da Ruwanda.

Ɗarikar Katolika ma ba ta tsira ba. A watan Disamba na 2023 fadar Fafaroma Francis ta ba limamai damar yi wa masu zaman jinsi ɗaya addu'ar albarka, ba tare da an ɗauke shi aure ba. Nan take majalisar bishop-bishop ta Nijeriya ta ce ba za a yi haka a ƙasar nan ba, takwarorinsu na Afirka kuma suka bi sahu a Janairun 2024.

Duk wannan gardama ta taro ce da takarda da ƙuri'a, wanda bai gamsu ba ya ja jama'arsa ya ware. Inda abin ya ɓaci shi ne a Jihar Taraba. Bayan babban taron cocin United Methodist na 2024 a Amurka ya soke dokokin da suka hana naɗa 'yan luwaɗi, cocin ta dare gida biyu a Nijeriya, batun shugabanci da mallakar gine-gine ya shigo ciki. A watan Disamba na wannan shekarar, a ƙauyen Munga Dosa da ke Ƙaramar Hukumar Karim Lamido, aka rasa rayuka 3, biyu daga ciki yara ne ƙanana, aka ƙone gidaje. Waɗannan yara ba su halarci taron Amurka ba, ba su kuma san abin da ake gardama a kai ba.

Matsayin addinin Musulunci kan luwaɗi da maɗigo sananne ne, ba ma kuma neman kowa ya sauya aƙidarsa. Haka 'yan'uwanmu Hausawa Kirista da muke tare da su a wannan zama suna da koyarwar cocinsu. Dokar ƙasa ita ma ta yi magana: a Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko taimakawa. Amma babu inda dokar ta ce matasan unguwa su zama alƙalai. Wata guda bayan sa hannu, a unguwar Gishiri da ke Abuja, gungun mutane suka bi gida-gida da dare suka fito da samari fiye da 10 suka lakaɗa musu duka, ba shaida ba shari'a, sai zargi kawai.

Nan ne ruwanmu yake. Wa ya fi mu sanin ɗacin hukuncin taron jama'a? A watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano yin Sallah aka tare, aka kira su masu garkuwa da mutane, aka kashe su aka ƙone. Kafin nan mun ga Shagamu a 1999, mun ga kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021. Abin da muke kuka da shi a kowane lokaci ɗaya ne, wato an yanke mana hukunci da suna da kama, ba a kai mu gaban alƙali ba. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 da ya kare rai, da na 34 da ya hana azabtarwa da wulaƙanci, da na 36 da ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, su ne garkuwar ɗan kasuwar shanu da mai facin takalmi a garin da ba na kakansa ba. Idan muka yarda a yi watsi da su yau saboda wanda ake zargi ba ma son halinsa, gobe da bakin me za mu kira su?

Domin haka muna kira ga magidanta da sarakunan Hausawa da limaman unguwanni kan abu uku. Na farko, a ja kunnen matasa su daina yi wa maƙwabta Kirista gori da wannan magana. Fastocin da ke kewaye da mu mafi yawansu sun ƙi abin da aka yi a Amurka da Ingila, har sun rabu da abokan tarayyarsu a kansa, jifan su da shi zalunci ne da tsokanar fitina. Na biyu, idan coci biyu suna rigima kan gini ko shugabanci, kada ɗanmu ya karɓi kuɗin kowa ya shiga, domin idan ƙura ta lafa su za su shirya, baƙo ne za a nuna da yatsa. Na uku, a kiyayi ƙazafi. Yanzu ya zama ruwan dare mutum ya yi saɓani da abokin ciniki ko ɗan haya, sai ya laƙaba masa luwaɗi domin ya tara masa jama'a. Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurati, ya kuma tanadi bulala 80 a Suratun Nuri ga wanda ya jefi kamammu da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba. Duk wanda ya ji an fara ihu a kan wani, ko wane ne shi, to ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda, kada ya ɗauki dutse.

Coci-coci za su ci gaba da gardamarsu, kuma su ne za su yanke wa kansu hukuncin wanda zai zauna a bencinsu. Namu shi ne mu riƙe addininmu, mu tarbiyyantar da 'ya'yanmu, mu kuma tsaya kai da fata a kan cewa ba a dukan mutum ko kashe shi a titi bisa zargi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.