Laifin Yaro Ne, Ko Na Ƙota?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, na san wani zai ce me ya haɗa ɗan Gusau da wasan golf. Gaskiya ne, wasan masu hali ne, ko da yake ya daɗe a ƙasar nan, don tun 1913 aka buɗe filin Rayfield na Jos, zamanin Turawan haƙar kuza. Amma ku yi haƙuri ku saurare ni, maganar za ta dawo gida.

Da hutun da ya wuce na je Kano wurin yayana, wanda sana'arsa ɗaukar wa 'yan golf jakar sanduna. Ran nan da yamma ya ara mini wata tsohuwar sanda mai lamba 7, wadda wani dogon mutum ya ba shi. Na buga ƙwallo ya fi sau ashirin, kowanne sai ya karkata hagu. Yara suka yi ta dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni. Sai Yaya ya ce, "Ƙanena, tsaya yadda kake, kada ka motsa." Ya durƙusa ya zura yatsa ƙarƙashin bakin sandar. Ashe dunduniyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, bakin yana sama.

Ga yadda abin yake. Sandar golf kamar fartanya ce, akwai ƙota, akwai ruwa. Tsakanin ƙotar da ƙasa akwai kusurwa, in an ajiye ruwan ya zauna daram. A mai lamba 7 kusurwar takan kai wajen digiri 62 ko 63. Idan gajere irina ya riƙe sandar dogo, hannuwansa suna ƙasa, sai bakin ya ɗaga, ƙwallo ya tafi hagu. Idan dogo ya riƙe ta gajere, dunduniyar ce ke tashi, ƙwallo ya tafi dama. Wannan ga mai bugu da dama ke nan. Ga bahago sai a juya.

Dalili kuwa shi ne fuskar ruwan ba a tsaye take ba, a kishingiɗe take don ta ɗaga ƙwallo sama. Wanda bai yarda ba ya ɗauki littafinsa na lissafi ya jingina shi baya, ya kafa fensir a tsakiyar bangon, sa'an nan ya ɗaga gefe guda. Zai ga fensirin ya daina duban gaba, ya koma duban gefe. Gwargwadon kishingiɗar littafin, gwargwadon kaucewar fensirin. Shi ya sa gajerun sandunan da ake bugun kusa da rami da su suka fi cutuwa, alhali a nan ne aka fi bukatar saiti.

Masu wasan ba su tsaya zagin juna ba. Sukan manna takarda a gindin ruwan, mutum ya yi bugu a kan wani allo, a duba inda ta goge. In ba tsakiya ba ne, sai a ɗaure sandar a lanƙwasa wuyanta digiri ɗaya ko biyu. Wani injiniya haifaffen Norway mai suna Karsten Solheim, wanda ya kafa kamfanin Ping a Amurka, har ɗigon launi ya fara sa wa sandunansa a 1972, kowane launi da kusurwarsa. Ubansa mai ɗinkin takalma ne, watakila a nan ya koyi cewa sai an auna ƙafa.

To, maƙeranmu na Tsafe da Bunguɗu sun riga shi sanin haka. Manomin kirki ba ya sayen garma sai ya sunkuya da ita ya ga yadda ruwanta ke cin ƙasa. In ba ta zauna ba, a sake ƙota.

Amma a gonar makaranta fa? Ranar aiki sai a zube kayan noma wuri guda, duk girmansu ɗaya, ɗan aji ɗaya ya ɗauki irin wadda ƙaton siniya ke ɗauka. Kunyarsa ta karkace, bayansa ya ƙage, sa'an nan a ce malalaci ne, a sa shi tsallen kwaɗo. Ni ma na sha, kuma da na girma, Allah ya yafe mini, na sa wasu.

Wani zai ce ai rago ba ya rasa abin fakewa. Haka ne, ko Yaya ya gaya mini gyaran sanda ba ya mai da mutum gwani, ni kaina da ya ba ni wadda ta dace ban jefa ƙwallo rami ba. Sai dai ya daina tafiya hagu, na kuma san sauran kuskuren nawa ne.

Roƙona ga hukumar makaranta ɗan kaɗan ne. Kafin damina ta faɗi, a kira maƙeri ya rage ƙotar kashi ɗaya cikin uku na garemanin nan, a shafa musu fenti yadda za a gane su, a ware wa 'yan aji ɗaya da biyu. Fentin ma mu 'yan ɗakinmu mun yarda za mu yi karo-karo mu saya.