RA'AYINMU: Kufan Wasu, da Namu na Gida

A 'yan shekarun nan 'yan'uwanmu da ke karatu a ƙasashen waje sun ɗauki wata al'ada, watau in an yi hutu su haɗa jaka da bargo da tocila, su hau wani dutse mai tsohon tarihi, su kwana a can, gari na wayewa su aiko mana da hotuna. Na Masar sukan tafi Jabal Musa da ke Sina'i, dutse mai tsawon mita 2,285, su hau shi da dare bayan jagoransu Balaraben ƙauye, su jira fitowar rana cikin sanyi mai ratsa ƙashi. Na Turkiyya kuwa sukan nufi dutsen Namrut, inda wani sarki mai suna Antiyokus ya sa aka gina masa hubbare a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, ga kawunan mutum-mutumin duwatsu nan zube a ƙasa har yau.

Mun ji wasu iyayenmu suna ƙorafi, wai wannan ɓarnar kuɗin karatu ce da neman wahala. Mu dai ba mu ga aibinsa ba, matuƙar an yi shi da hankali, da izinin hukumar wurin, ba kuwa da niyyar bauta ko neman tabarruki ba. Tafiya mabuɗin ilmi ce. Wanda ya kwana a kufan sarkin da ya zaci mulkinsa ba ya ƙarewa, ya kuma ga kansa na dutse yashe a ƙasa, lalle ya sami darasin da malami ba zai iya rubuta masa a allo ba.

Abin da ya dame mu daban ne. Mun tambayi wasu daga cikin waɗannan matafiya, 'yan asalin ƙasar Gumel, ko sun taɓa zuwa Tumbi, sai suka tambaye mu ina ne Tumbi. Alhali kuwa nan ne mazaunin sarautar Gumel kafin a dawo da ita inda take yanzu a 1845, zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma. Tumbi tana arewa da Gumel, tafiyar mil ashirin ko kusa da haka, amma iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta jefa ta cikin Nijar. Masarautar da Mangawa suka kafa wajen 1750, wadda ta yi mubaya'a ga Borno, ba ta kuma taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, yau 'ya'yanta sun fi sanin kufan Turkiyya da tushensu. Bajamushen nan Barth ya ratsa Gumel a 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya rubuta abin da ya gani. Baƙo ya rubuta, ɗan gida bai karanta ba.

Wani zai ce ai ƙasarmu ba ta da duwatsu, daga Gagarawa har Maigatari, daga Gumel har Sule Tankarkar, ba abin da ido ke gani sai jigawa da rairayi. Gaskiya ne, kuma wannan shi ne ma dalilin gaggawa. Abin da aka gina da dutse yana jiran mai ziyara shekara dubu biyu. Ganuwar ƙasa kuwa damina tana zaizaye ta, manomi ya ci gefenta, magini ya ɗebi jikinta ya yi tubali, kafin a farga sai suna. Tarihinmu yana cikin tsofaffin rijiyoyi da maƙabartu da sunayen unguwanni, mafi yawansa kuma yana bakin dattawa, waɗanda kowace shekara raguwa suke yi.

Har wa yau, mai sha'awar hawan dutse bai rasa inda zai hau ba a arewacin ƙasar nan. A Birnin Kudu, cikin jiharmu ta Jigawa, akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa masu zanen shanu na mutanen da. A Kano ga Dala, a Zariya ga Kufena. Can yamma ga Surame, birnin Kanta na ƙarni na 16, da ganuwarsa ta dutse. A Adamawa kuma ga Sukur bisa duwatsun Mandara, wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 1999, wanda 'yan Boko Haram suka kai wa hari a 2014. Wannan hari ya isa ya nuna mana cewa abin da ba a adana labarinsa ba yana iya salwanta dare ɗaya.

Saboda haka ga kiranmu. Da farko, ku 'yan'uwa da ke waje, in kun hau dutsen mutane kada ku tsaya ga ɗaukar hoto. Ku duba wa ke tsaron wurin, wa ke karɓar kuɗin shiga, ina kuɗin ke zuwa, yaya aka sa mutanen yankin suka zama jagorori suna ci daga ciki, me aka hana baƙo ya taɓa. Wannan ilmi shi ne tsarabar da muke so.

Na biyu, muna roƙon shugabannin ƙungiyarmu su shirya tafiya ɗaya kowace shekara lokacin hunturu, a fara da ƙasar Gumel. A nemi izinin fada da na hakimai da dagatai, kada a yada zango inda masu gari ko jami'an tsaro suka hana, kada kuma a tsallaka iyaka sai da takarda. In an sauka a gari, a zauna da tsofaffi bayan sallar lisha, a ɗauki muryarsu a waya, a rubuta, a ajiye kofe ɗaya a ɗakin karatu na jami'a, ɗaya a Kwalejin Ilimi ta Gumel. Kada wanda ya ɗauko ko da katangar tukunya, kada wanda ya rubuta sunansa a jikin dutse.

Na uku, ku matasan ma'aikata, musamman na sashen filaye da ayyuka na ƙananan hukumomi, takardun rabon fili ta hannunku suke bi. Kafin ku sa hannu a yanka fuloti, ku tambaya ko akwai ganuwa ko tsohuwar maƙabarta a wurin. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ba za ta san da abin da ba a kai mata rahotonsa ba.

Wanda ya iya jure sanyin Sina'i don ya ga tarihin wasu, ba zai kasa jure ƙurar hanyar Maigatari don ya ji nasa ba. Muna jiran rahoton tafiyar farko, kuma mun yi alkawarin buga shi a wannan mujalla. Allah ya sa mu dace.