Wasiƙa ga masu ɗori da masu tausa na Wurno, Rabah da Goronyo

Zuwa ga sarakunan ɗori, masu tausa da malaman asibiti na gabashin Sakkwato. 

Akwai wani kira da ke yawan samun mai tausa a ƙasar nan. Tsoho ne da ya ƙarar da ƙarfinsa a fadamar shinkafa ta Wurno, ko a gonar albasa ta ƙasan madatsar Goronyo, yanzu gigin tsufa ya kama shi, ko jikokinsa ba ya shaidawa. In an zo cire masa riga sai hannu ya sandare, in an ja ya ƙara ƙagewa. Mutanen gida su ce Baba ya cika gardama, wasu su ce iska ce, a nemo mai hannu ya miƙe shi.

Tsohon nan bai san yana yi ba. Likitoci na kiran abin paratoniya, kuma tun 1910 likitan Faransa Ernest Dupré ya yi bayaninta. Ƙwaƙwalwar da ciwo ya ci ce ke kasa sakin tsoka idan wani ya motsa gaɓar. Gwargwadon ƙarfi da saurin da aka ja, gwargwadon turjiyar da za a samu, ko lanƙwasawa ake yi ko miƙewa. Yau ta tsananta, gobe ta lafa. A farkon gigin tsufa kamar mutum ɗaya cikin goma ke da ita, a ƙarshensa kuwa kusan kowa.

A nan ne gwanintar mai ɗori ke iya cutar da shi, domin hannunsa ya saba da jan karaya har ƙashi ya koma mazauninsa. A 2012 Hans Hobbelen, masanin gashin ƙashi a Holan, ya fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa tsofaffi kusan 100. An riƙa miƙe gaɓoɓin wasunsu sau 3 a mako har mako 4, kuma sandarewar ba ta ragu ba. Ga shi ƙashin tsoho ba ya ɗaukar wasa, ja ɗaya na iya kawo targaɗe ko karaya.

Abin da ya nuna alamar sauƙi ya fito daga Jami'ar Ghent ta Beljiyam a 2019, inda Bieke Van Deun da abokan aikinta suka gwada jijjiga gaɓa a hankali da tallafe jiki da matasai. Binciken ƙarami ne, sauƙin ma na ɗan lokaci ne, amma ga mai yi wa tsoho wanka kullum ba kaɗan ba ne.

Saboda haka mai tausa ya fara da sallama, ya tsaya inda tsohon ke ganinsa, ya kira shi da sunan da ya saba ji. Ya murza man kaɗanya a tafinsa har ya yi ɗumi. Kada ya damƙi wuyan hannu. Ya shimfiɗa tafi ƙarƙashin gwiwar hannun, ya riƙa jijjigawa kaɗan-kaɗan kamar uwa da goyonta. Da ya ji turjiya ya dakata, in ta saki ya ci gaba.

Aikin matashin kai ya fi wannan daɗewa, don shi ke kwana da mara lafiya. A sa ɗaya ƙarƙashin gwiwoyi, ɗaya tsakanin cinyoyi in an kwantar da shi ta gefe, ɗaya ƙarƙashin damtse, kada a bar wata gaɓa tana reto. Tsohon zane da aka naɗe ya wadatar. Hannun da ya dunƙule a wanke cikinsa, a tsane, a yanke farce, domin a zafin Afrilu gumi kaɗai na iya sa fatar ta saɓule. A riƙa juya tsohon duk bayan kamar awa 2 saboda gyambon kwanciya. Suruka ko jikar da ke jinyar ita ta fi cancanta a koya wa duk wannan.

Sandarewar da ta zo farat ɗaya kuwa ba ta tausa ba ce. Wuya ya ƙage da zazzaɓi, a yi zaton sanƙarau. Ɓari ɗaya ya mutu, baki ya karkace, shanyewar ɓarin jiki ce. Waɗannan a nufi asibiti nan take. Mai gigin tsufa kuma, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato na da sashen gashin ƙashi, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware.

Wassalam.