Raddi Ga Masu Cewa Tankar Ruwa Ce Maganin Yaƙin Tabkin Cadi

Wani saƙon murya ya zaga wayoyin mutane daga garin Sarkin Hausa zuwa Mayahi da Tasawa. Na wani dattijo ne mai karatu wanda nake ganin girmansa, kuma ba zan kama sunansa ba, tunda da ra'ayinsa nake. A taƙaice Malam ya ce sojinmu sun daɗe suna fama a jihar Difa saboda ƴan ta'adda na fakewa a tsibiran Tabkin Cadi, motocinmu kuwa iyakarsu bakin ruwa. Ya ce Turawa sun gama da wannan matsala tun yaƙin duniya na biyu, da motocin sulke masu tafiya a tudu su kuma yi iyo. Wai da su aka ci Normandi, da su Masar ta ƙetare mashigin Suwez. A sayo su, yaƙi ya ƙare, in damina ta yi ɓarna kuma a ceci jama'a da su. Maganar ta shiga zukata, kuma ba abin mamaki ba ne. Da wuya ka sami gari a nan da ba shi da ɗa cikin kaki, kuma duk wanda ya tsaya bakin kwaltar Tasawa ya ga ayarin soji ya miƙa gabas ya san inda suka dosa.

Malam ya fara da cewa motar ta haɗa ƙarfin tanka da sauƙin jirgi. A nan kuskuren ya samo tushe. Duk abin da zai yi iyo dole ya ture ruwa mai nauyinsa daidai. Tankar PT-76 da Tarayyar Sobiyet ta fara ƙerawa a 1951 tana da nauyin kimanin tan 14, don haka sai ta ture lita 14,000, wato duro 70 na lita 200, kafin ruwa ya ɗauke ta. Shi ya sa aka yi mata gangar jiki faffaɗa mai kusan mita 7, wadda ta fi ta T-55 tsawo, alhali T-55 tan 36 ce. Ina aka rage nauyin? A sulke. Gaban T-55 ƙarfe ne mai kaurin milimita 100, na PT-76 kuwa a galibin jikinta bai kai 20 ba. Masunci da ke kwanciya bisa gora ya sani cewa iskar cikinta ke riƙe da shi, da za a lulluɓe gorar da ƙarfe mai kauri, da shi da ita sai ƙasan gulbi. Babbar bindigar nan mai harsashin milimita 12.7 da ƴan ta'adda ke kafawa bayan Toyota tana iya huda irin wannan sulke daga kusa, roka ta RPG-7 kuwa ba a ma maganarta. Ga kuma nakiya, wadda ta ci rayukan soji da yawa a hanyoyin Difa. Motar da ke tsare rai daga nakiya tana da tudu, da nauyi, da ciki mai tsini don watsar da ƙarfin fashewa. Mai iyo kuwa cikinta shimfiɗaɗɗe ne, marar kauri. Taura biyu ba ta taunuwa.

Sai batun Normandi, inda Malam ya fi jan zance. Ranar 6 ga Yuni 1944 an yi amfani da tankar Sherman da aka yi wa dabara: a ɗaura mata katangar tamfol a kewaye, a ɗaga ta da bututun iska, a sa mata farfela biyu a baya. Tankar na rataye ƙarƙashin ruwa, tamfol ɗin kaɗai ke tsakanin soja da teku. An tsara ta don igiyar ruwa da ba ta wuce ƙafa ɗaya ba. A gaɓar da aka laƙaba wa Omaha, bataliya ta 741 ta Amurka ta saki tankoki 29 daga nisan kimanin kilomita 5, cikin igiya mai kusan mita 2. Guda 27 suka nutse, 2 suka kai tudu. A sauran gaɓoɓin da aka sake su kusa da ƙasa galibinsu sun isa, sun kuma yi amfani, ban musa ba. Amma soji kimanin 156,000 da suka sauka a ranar, jiragen ruwa kusan 7,000 da jiragen sama ne suka kawo su. Ita kuwa DUKW, babbar motar nan mai taya shida da hotonta ke yawo tare da saƙon Malam, ba ta da sulke ko kaɗan. Motar dakon kaya ce daga jirgi zuwa gaɓa, an ƙera sama da 21,000. Abin sha'awa a jikinta, a ganina, shi ne direba na iya rage wa tayoyi iska ko ya ƙara yana zaune a kujerarsa. Duk wanda ya taɓa kafewa cikin rairayin da ke tsakanin Mayahi da ƙauyukanta ya san wannan ta fi iyo amfani a wurinmu.

A Suwez ma labarin bai tsaya inda Malam ya tsayar da shi ba. Gaskiya ne ranar 6 ga Oktoba 1973 birged ta 130 ta Masar ta ƙetare Babban Tabkin Ɗaci da PT-76 da BTR-50. Da ta hau tudu ta nufi mashigan Mitla da Gidi, sai ta yi kiciɓis da manyan tankokin Isra'ila, ta koma da asara. Ƙetarawar da ta ba duniya mamaki runduna biyar ta sojin ƙasa ce ta yi ta, cikin kwale-kwalen roba. Injiniyoyi suka narkar da katangar yashin Bar Lev ta Isra'ila da famfunan ruwa, suka shimfiɗa gadoji masu iyo, manyan tankoki suka bi ta kai. Da Malam ya kawo Indiya, da hujjarsa ta fi ƙarfi, domin a 1971 PT-76 ta yi aiki sosai a kogunan Gabashin Pakistan, wato Bangaladash ta yau. Sai dai can kogi ne mai zurfi da faɗi, kuma tankokin da ta tarar, M24 na Pakistan, tsofaffi ne ƙanana.

Yanzu mu zo ga tabkin kansa, domin a nan nake ganin Malam ya auna Cadi da ma'aunin teku. A 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi biyu, ɓangaren arewa, wanda rabon Nijar ke ciki, ya riƙa ƙafewa ƙaf a wasu shekarun 1980, har ruwa ya yi wa garin Ngigmi nisa. Itatuwan ƙaya suka mamaye busasshen filin, da ruwa ya dawo ya tarar da su ya shanye gindinsu, suna nan tsaye wasu kuma kwance ƙarƙashinsa. Abin da ake kira tabki a yau ɗaruruwan tsibirai ne, da hanyoyin ruwa ƙunƙuntattu, da kacalla da ciyayi masu yawo, da taɓo. Wuri ɗaya ruwan ya shanye mutum, taku kaɗan gaba ya dawo iya gwiwa, kuma taswirar bana ba ta baɗi ba ce.

Motar iyo tana son ɗayan biyu: ruwa mai zurfin da zai ɗaga ta, ko ƙasa mai ƙarfin da sarƙa za ta kama. Abin da ke kashe ta shi ne tsakani, inda ruwan bai isa ya ɗauke ta ba, ƙasar kuma ba ta iya riƙe ta. Sai cikinta ya zauna bisa laka, sarƙa na juyawa a banza tana ƙara haƙa mata rami. PT-76 da BRDM-2 suna tafiya a ruwa ne ta hanyar zuƙo shi daga ƙasa su feso ta baya, kimanin kilomita 10 a awa. Ramin zuƙowar na da raga, kuma ba abin da raga ke so kamar ciyawa. In ta toshe, wa zai fita ya share ta, alhali ana harbi daga cikin kacalla? Kwale-kwale mai inji ya fi ta gudu nesa ba kusa ba, yana shiga inda ba ta shiga, in ruwa ya ƙare a tura shi da gwangwala. Harin tsibirin Karamga na 25 ga Afrilu 2015, inda gwamnati ta ce mun rasa soji 46 da farar hula 28, da kwale-kwale aka kawo shi da asuba. Cadi kuwa ta mallaki BMP-1 da BTR masu iyo tun da daɗewa, hakan bai hana harin Bohoma na 23 ga Maris 2020 ba, wanda ya ci mata soji kusan 100.

Wanda ya fi kama da halinmu a tarihi shi ne yaƙin Faransa a Indocin, ƙasar da wasu kakanninmu suka je cikin kakin Faransa. Can Faransawa sun kafa rundunonin motocin ruwa na musamman, da LVT da wata ƙarama M29C. Wadda ta fi iya taɓo a cikinsu ita ce ƙaramar, ita kuwa ba ta da sulke. A farmakin da suka kira Kamarg, a Yuli 1953, sun tara dubban soji da motocin ruwa don su yi wa wata runduna ta ƴan sunƙurun Biyat Min ƙawanya. Rairayi da fadama suka rage wa motocin gudu, yawancin waɗanda ake nema suka sulale cikin dare. Shekara ɗaya bayan nan Faransa ta tattara komatsanta.

Akwai kuma abin da ba a gani a hoto. Kafin mota ta faɗa ruwa sai an duba robar kowace ƙofa, da toshiyar kowane rami na ƙasa, da famfon kwashe ruwan da ke yoyo, a ɗaga allon gaba da ke hana hanci nutsewa. Sai an tura wani ya auna gangaren da za ta fito a ɗaya gaɓar, don fitowa ta fi shiga wuya. Tambayi kowane bakanike a tashar Tasawa abin da zafin Afrilu da ƙurar hunturu ke yi wa roba cikin shekara biyu. Amurka da duk kuɗinta ta rasa mutum 9 ranar 30 ga Yuli 2020 kusa da tsibirin San Kilamente, lokacin da motarta mai iyo ta AAV ta cika da ruwa a atisaye, bincike kuma ya ɗora laifin a kan rashin gyara da ƙarancin horo. Amurkar ce dai ta soke shirin sabuwar motar EFV a 2011 bayan ta kashe kimanin dala biliyan 3.

Inda na yarda da Malam shi ne Komadugu Yobe. Lokacin da kogin ya cika, daga tsakiyar damina zuwa cikin sanyi, ƴan motoci kaɗan masu iyo za su yi amfani wajen leƙen asiri da kama gaɓa kafin a kafa gada. Don irin wannan aikin aka ƙera su: ƙetare kogi cikin ƴan mintoci. Sojinmu ma sun daɗe da Panhard M3 ta Faransa, wadda a takarda take iyo da tayoyinta kimanin kilomita 4 a awa. Amma da sojin Nijar da na Cadi suka ƙwato garuruwan Damasak da Malam Fatori a Maris 2015, cikin rani suka yi, a ƙasa.

Batun ceton ambaliya ba ya buƙatar dogon zance. Donald Roebling ya ƙera kakar LVT ne a Filorida a shekarun 1930 don ceton waɗanda guguwa ta rutsa da su, da alminiyam ya yi ta, ba sulke. A daminar 2024 sama da mutum 300 suka rasu a Nijar, jihar Maradi ce kan gaba, da yawansu kuma gidan laka ne ya rufta musu. Tanka ba ta tallafe katanga. Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi kwari ne na goriba da rijiyoyi, ruwan da ke taruwa a tabkunanmu kuwa magudana yake so da kwalbati da ƴan kwale-kwale a hannun ƴan kwana-kwana.

Malam, da girmamawa, kuɗin da za a zuba a tankar ruwa gara a sa su a kwale-kwale masu inji marasa nutso sosai, da jirage marasa matuƙi, da motocin da ke jure nakiya, da gadojin soji, da ɗaukar ƴaƴan Buduma da Kanuri waɗanda suka san kowace hanyar ruwa. In kana da misali ɗaya na yaƙin sunƙuru a fadama da motar sulke mai iyo ta kawo ƙarshensa, ka kawo shi da sunan wurin da shekararsa, za mu saurara.